Allurar da ta hana mu haihuwa shekara biyu

Shekara biyu da wata huɗu maiɗakina tana shan maganin neman haihuwa, na asibiti da na gargajiya, alhali matsalar tana cikin wata 'yar kwalba da nake ɓoyewa a aljihun mota.

Na fara allurar ne ana saura wata uku bikinmu. Ina zuwa wurin ɗaga ƙarfe da yamma, sai wani abokin motsa jiki ya ce in ina yin Sustanon 250, allurar sinadarin mazakuta da ake kira testosteron, duk mako, ƙirji zai buɗe, kuzarin shimfiɗa kuma ya ƙaru. Wani mai kemis a unguwarmu yake yi min, babu takardar likita, babu gwajin jini. Ban ma san ana auna testosteron da sassafe ba, har sau biyu, kafin a ce namiji yana da ƙarancinsa. Ni ba ni da ƙarancin komai, ƙari kawai nake so.

Watannin farko na ji daɗin jikina, ba zan ɓoye ba. Daga baya kuraje suka cika min baya, kan nonona ya kumbura yana zafi in riga ta goge shi, minshari ya yi yawa har maiɗakina takan tashe ni ta ce numfashina yana ɗaukewa. Abu kaɗan sai in hau faɗa. 'Ya'yan marainana kuma suka ƙanƙance. Na gani sarai, na yi shiru.

Duk wannan lokacin ita ake kallo. Hajiyata ta kawo jiƙe-jiƙe, ta kawo rubutu, daga baya ta fara zancen in ƙara aure. A wajen suna ko biki sai a riƙa yi mata addu'ar da ta fi kama da gori. Ba a taɓa cewa a duba ni ba, ni ma ban kawo ba, domin a ganina namijin da bai gaza a shimfiɗa ba ai lafiyarsa ƙalau. Wannan tunanin shi ya fi cutar da mu.

Likitar mata ce ta dage sai an gwada maniyyina. Sakamakon ya fito babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Likitan da aka tura ni wurinsa ya dube ni ya ce, "Malam, wace allura kake yi?" Sannan ya zana min a takarda. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai aika sinadarai biyu, LH da FSH, su ne ke umartar maraina su yi testosteron da ƙwayoyin haihuwa. In jini ya cika da na kwalba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ya isa, ta daina aikawa, maraina su kwanta. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron, miligiram 200 duk mako, a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka fitar da sakamakon a 1990. Wato abin da nake biyan kuɗi a yi min da sunan ƙarin ƙarfi, wasu tazarar iyali suka yi da shi. Kumburin nonon kuwa, jiki ne ke juya rarar testosteron ta koma sinadarin mata.

Gwajin jinin ya fi ba shi tsoro. PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya haura kashi 54 cikin ɗari, jinin ya yi kauri, irin wanda kan daskare a jijiya ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ga jinina ya hau, ina da shekara 34. Ko masu ƙarancin gaskiya, da likita ke ba su daidai gwargwado, sai ana bibiyar jininsu da prostate ɗinsu, wato halittar da ke ƙasan mafitsara. Wani babban bincike na Amurka da ya fito a 2023, kan maza sama da 5,000, bai ga ƙarin bugun zuciya ba, amma ya ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Su ke nan da ake lura da su, balle ni da mai kemis.

Bari ya fi farawa wuya. Wata uku na yi cikin kasala da ƙuncin rai, sha'awa ta ɗauke gaba ɗaya, saboda jikin ya manta da yin nasa. Likita ya ce yawanci ƙwayoyin kan dawo cikin wata shida zuwa shekara, wasu sai shekara biyu, kuma bai yi min alkawari ba.

Ranar wata Juma'a na ɗauki maiɗakina muka je gida. Na zauna a ƙasa gaban Hajiya na ce, "Hajiya, laifin nawa ne, ba nata ba," na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta kamo hannun surukarta ta ce, "'Yata, ki yafe min." Wata na tara ke nan da bari. Gwajin makon jiya ya nuna ƙwayoyi sun fara fitowa, kaɗan ne, an ce in koma bayan wata uku.