Ciyawar da muke haƙa a Tuson saboda gobarar daji

Idan ka ce wa mutum hamada tana cin wuta sai ya ce to me za ta ci a wurin, amma mu da ke zaune a gefen garin Tuson na jihar Arizona a Amurka mun gani da idonmu. A watan Yunin 2020 tsawa ta faɗa a duwatsun Santa Katalina da ke arewa da gari, wutar da suka sa wa suna Bighorn ta kama ta yi makonni tana ci har ta cinye kusan eka 120,000, da daddare daga ƙofar gida kana hango ta jawur a kan dutse. Kafin ita ma a 2003 wata ta ƙone gidaje sama da 300 a ƙauyen Summerhaven can saman dutsen. Tun daga lokacin ba na wasa da share kewayen gida.

Abin da na fara fahimta shi ne ba itatuwan hamadar ba ne matsalar. Asali can tsirran hamadar Sonora a warwatse suke, wannan nan wancan can, tsakaninsu fili ne da tsakuwa, ko wuta ta kama ba ta da hanyar tsallakawa. Wata ciyawa ce ta zo ta cike guraben, bafal suke ce mata, daga Afirka aka kawo ta wajajen 1930 saboda kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa, kuma ƴar uwar ƙarangiyar nan ce tamu, dangi ɗaya ne, in ka ga kanta ma za ka ga kama. Yanzu jihar ta sa ta a jerin miyagun ciyayi tun 2005. Idan ta bushe ta kama wuta zafinta yana wuce digiri 700 a ma'aunin Salsiyos, sawaro kuwa, dogon itacen ƙayar nan mai hannuwa da ke kai shekara 150 a raye, bai saba da wuta ba sam, da ta lashe shi shikenan. Ita kuma ciyawar bayan gobara sai ta sake tofowa fiye da da. Wallahi wannan ne yake min ciwo, abin da ya yi shekara ɗari yana girma ya tafi a yini ɗaya saboda ciyawa.

To yanke ta ba ya maganin komai, ko da injin yankan ciyawa ne, saiwar tana nan ƙasa da ruwa ya taɓa ta za ta dawo. Haƙa ake yi. Ni da dagi nake aiki, in soka shi a gefen tushiyar in danna ƙasa har in ji saiwar ta ɓalle, sai in ɗago ta gaba ɗaya da curin ƙasarta, in kakkaɓe a hankali dan kar irin ya watse, in tura a babbar leda in ɗaure. Ƙasar nan akwai tauri, wani wurin ƙarfe ke dawo maka da ƙara har hannu ya yi sanyi, shi ya sa na fi son in fita bayan an ɗan yi ruwa, ranar tushiya ɗaya bugu biyu ta fito. Kuma da asuba ake fita, bayan sallah kai tsaye, saboda a Yuni wasu ranakun zafi yana haura digiri 40. Safar hannu mai kauri da takalmi sau ciki dole ne, kuma ba a tura hannu cikin tushiya sai an fara bugunta da dagin, macijin nan mai kaɗa wutsiya yana son inuwar wurin. Yarona na fari in ya biyo ni aikinsa riƙe leda ne kawai, yana ta "Baba bari in haƙa ɗaya", ni kuma sai na duba wurin tukuna.

Sai batun jikin gidan kansa, wanda ƴan kwana-kwana da shirin Firewise na kare gidaje daga gobarar daji suka fi nanatawa. Yawancin gidajen da ke ƙonewa ba harshen wutar ne ke isowa gare su ba, tartsatsi ne iska ke ɗaukowa daga nesa ya sauka inda busasshen ganye ya taru. Dan haka ƙafa 5 na farko daga bango ba na barin komai mai ci, na zuba tsakuwa, na janye itacen gashi da tukunyar gas zuwa nesa, na kwashe ganyen da ke indararo da kan rufi, ramukan shan iska na gidan kuma na sa masu ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Daga nan zuwa ƙafa 30 rage cunkoso ake yi, bishiyoyin meskit da falo bade na sassare masu rassan ƙasa dan kar wuta ta samu tsanin hawa, amma ban sare ko ɗaya ba. Wasu na ɗauko katafila su share fili tas su ce sun huta, ni ban yarda da wannan ba, ƙasar da aka tona ita bafal ta fi saurin mamayewa, ga shi sawaro ma doka ta kare shi ba a tumɓuke shi haka kawai.

Wurin da ya fi ba ni aiki shi ne gindin shingen katako tsakanina da maƙwabciyata, tsohuwa ce ba ta iya sunkuyo, ciyawar ɓangarenta ta kai ƙugu kuma shingen ya taɓo bangona. Na je na roƙe ta izini na haƙe nata ma, ita kuma ta riƙa fito mana da ruwan sanyi.

Irin bafal yana yin shekaru a ƙasa bai mutu ba, dan haka da damina ta sauka a Yuli nake sake zagayawa, ƙananan da suka tsiro da hannu ake cire su tun kafin su fitar da kai.