Ƙananan da nake saki ne suke kore min kifi a Galma

'Yan uwa masu fatsa, yau dai na dawo daga bakin kogin Galma a Zariya da fara'a, bayan Asabar uku ina dawowa da haushi.

Kun san ni ba na ɗaukar ƙananan kifi. Kawarar da ba ta kai tafin hannu ba, ko ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa, nan take nake cire ƙugiya in mayar da shi. To, abin da ya dame ni ke nan. Sai in zauna da sassafe, totuwar karan da ke kan zarena tana nutsewa a kai a kai, in kama biyu ko uku masu kyau, da zarar na saki ƙaramin guda a gabana sai wurin ya mutu murus. Minti arba'in, wani lokaci awa guda, ko motsi babu. Na sauya tana, na gwada gara, na zuba dusa. Na ma sayi siririn zare da sababbin ƙugiyoyi a kasuwar Sabon Gari, kusan naira dubu uku, rabinsu suka ƙare a cikin saiwoyin da ke ƙasan ruwa. Wannan kuɗin ya yi min ciwo, don ba can matsalar take ba.

Wani dattijo masunci da ke jefa birgi ƙasa da inda nake zama ya ga ina ta tsaki, ya ce, "Yaro, wanda ka saki ne ya je ya ba 'yan uwansa labari." Na ce, "Haba Baba, kifi da labari?" Ya ce in ci gaba da sakinsu a gabana in gani.

Ashe maganarsa tana da tushe. A 1938 wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1973, ya lura cewa idan fatar wani ɗan kifi ta ji rauni aka mayar da shi cikin garke, sauran sukan watse su ƙi abinci. Akwai wani sinadari a fatar da ba ya fita sai ta yage, sauran kuma da hanci suke jinsa. Dangin tarwaɗa da na kawara suna cikin kifayen da ke da wannan abin.  Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda nake cire ƙugiya: busasshen hannu, ina matse kifin har ɓawonsa ya manne a yatsuna, haƙorin ƙugiyar yana yaga leɓe, sannan in wurga shi daidai inda na zuba dusa. Ni da hannuna nake zuba musu gargaɗi a kan abincinsu!

Don haka yau na je da bokiti da filaya. Na danne haƙorin kowace ƙugiya har ya kwanta. Kafin in taɓa kifi sai in jiƙa hannu. Ƙananan duk cikin bokiti, a inuwa, ina sauya musu ruwa, kuma ruwan da na kwashe ba na zubar da shi a kogin, can kan tudu nake watsawa. In sun kai huɗu ko biyar sai in taka kamar taku hamsin zuwa inda ruwa ya nufa, in karkata bokitin a hankali su fita da kansu. Duk abin da ya fita daga jikinsu ruwa ya yi gaba da shi.

Wallahi cizo bai tsaya ba tun bayan asuba har wajen ƙarfe goma. Karfasa shida, tarwaɗa biyu masu ƙiba, ƙananan da na saki goma sha ɗaya, babu wanda ya juya ciki sama. Biyu manya sun kuɓuce saboda ƙugiyar ba ta da haƙori, na sassauta zare a daidai lokacin da bai kamata ba, amma ban ji zafinsu ba ko kaɗan.

Abu ɗaya ne bai kwanta min ba. Na sauya abubuwa da yawa a rana guda. Da can ina miƙewa tsaye inuwata ta faɗa kan ruwa, ga ƙarar faɗuwar kifin, kuma karfasa ba ta son ko ɗaya daga cikinsu. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan gwada a dam ɗin Kubanni inda ruwa ke kwance: hannu jiƙe, ƙugiya a danne, amma in saki a gabana ina zaune. Wanda ke Samaru kuma yake da bokiti na biyu ya same ni can bayan sallar asuba, ya zauna nesa da ni kaɗan yana tara nasa, mu ƙirga cizon kowa.