Kek ɗin karas mai ƙamshin halwa: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyon gashi, ga inda aka kwana kan kek ɗin karas na zagayowar ranar haihuwa, wanda ake son ya fito da ɗanɗanon kayan zaƙin Indiya da Pakistan. Abin da ake kwaikwayo shi ne gajar ka halwa, alawar karas da ake yi a arewacin Indiya da Pakistan lokacin sanyi, sa'ad da jan karas mai zaƙi ya cika kasuwa. Gurza shi ake yi a dafa cikin madara da man shanu da sukari da kadamon (kayan ƙamshi mai ƙananan baƙaƙen 'ya'ya cikin ɓawo) har ya tsane. Aikin duka ya rataya ne a kan ruwa: halwa jiƙaƙƙiya ce, kek kuwa idan ruwa ya yi masa yawa ba ya tashi.

Awon da ya zauna yanzu, na gwangwani biyu masu faɗin santimita 20: fulawa giram 250, farin sukari giram 150, mazarƙwaila giram 80, ƙwai 4, man girki marar wari mililita 140, narkakken man shanu giram 60, gurzajjen karas giram 350, madara mililita 100, kindirmo marar sukari giram 80, bekin hoda ƙaramin cokali 2, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kayan ƙamshi: kadamon kore ƙwaya 12, kirfa ƙaramin cokali 1, garin citta rabi. Sai kashu ko fistashiyo (wata ƙwaya mai koren ciki da ake ci kamar kashu) giram 80 da zabibi giram 50.

Daga karas ake farawa, kuma nan ne ya fi cin lokaci. A gurza shi da matsakaicin gefen magogi. Idan aka yi da manyan ramuka zai fito zare-zare, wuƙa ta riƙa jan sa wajen yanka; idan aka niƙa a bilenda kuma ya zama kunu, kek ya danƙare. A narka rabin man shanun a kasko mai faɗi, a zuba karas ana juyawa kamar minti 3 har launinsa ya ƙara ja. A gefe guda an riga an farfasa mazarƙwaila an narka ta cikin madarar da ɗumi an tace da rariya, saboda ba a rasa ɗan yashi ko ɓawon rake a cikinta, kuma dunƙulenta idan ya shiga kwaɓi a haka narkewa yake yi ya bar rami mai danƙo. A juye wannan madara kan karas a bar shi a matsakaiciyar wuta minti 8 zuwa 10. Alamar ya yi: a ja ludayi a tsakiyar kasko, idan ruwa bai biyo ya rufe hanyar ba, an kai. Kada a kai shi ga halwa sosai. Karas ɗin ya yi laushi amma da sauran ƙarfinsa, don zai ƙara nuna a oben. A baza shi a faranti ya huce sarai, mai zafi yana dafa ƙwai tun a kwano.

Mazarƙwaila ta shigo ne saboda kusan abu ɗaya ce da gur ɗin da ake yi can da ruwan rake, kamar yadda man shanunmu da aka soya aka tace yake tsayawa a madadin nasu. A lura dai ya zama sabo ne. Wanda ya kwana biyu har ya fara ɗan tsami, warinsa zai danne kadamon. Kuma ba a yin kek ɗin da man shanu zalla, domin yana daskarewa a firij, kek ya taurare; man girkin ne ke riƙe laushinsa ko da ya yi sanyi.

Kadamon a saye shi da ɓawonsa. A fasa, a ɗebe baƙaƙen 'ya'yan, a daka su da cokali ɗaya na sukari a ƙaramin turmi, sukarin yana taimakawa su niƙu lukui. Garin da aka daɗe da niƙawa ƙamshinsa ya riga ya tafi, shi ya sa wasu ke ta ƙarawa har kek ya yi ɗaci. Kirfa da citta rakiya suke yi, kada su wuce awon da aka faɗa. Kanumfari a ganina a bar shi, ko kaɗan ne yana mamaye komai.

Haɗin kansa ba wuya. A kunna oben ya kai digiri 175 a ma'aunin Celsius, a shafe gwangwani a shimfiɗa takardar gashi a ƙasa. A buga ƙwai da sukari minti 3 har su yi haske, a tsiyaya mai da sauran man shanu da kindirmo, sannan karas. A tankaɗe fulawa da bekin hoda da soda da gishiri da kayan ƙamshi tare, a zuba kashi biyu ana juyawa da cokalin katako, da zarar farin gari ya ɓace a tsaya. Yawan juyi yana sa kek tauri kamar burodi. Kashun a ɗan soya shi a busasshen kasko a daddatsa, a mulmule shi da zabibi cikin cokali ɗaya na fulawa don kada su nutse. Gashi minti 28 zuwa 32 ne, ba a buɗe ƙofa kafin minti 22. Tsinken sakace ya fito da ɗan ɓurɓushi, ba ɗanyen kwaɓi ba.

Matsalolin da suka fi fitowa: tsakiya ya lotsa, wannan karas bai tsane ba ko an buɗe oben da wuri. Sama ya yi baƙi ciki ɗanye, wuta ta yi yawa, mazarƙwaila tana saurin ƙonewa, sai a rage zuwa 165 a rufa takardar alminiyom. Ɗanɗanon sabulu ko zaren karas ya koma kore, soda ce ta yi yawa ko ba ta gauraya ba. Masu gashi a tukunya da yashi su zafafa ta minti 10 tukuna, su ɗora gwangwani kan wani abu kada ya taɓa yashin, garwashin kan murfi ya fi na ƙasa.

A gasa tun jajibiri. Idan ya huce a naɗe shi da leda ya kwana, washegari ƙamshin ya shige ko'ina kuma ba ya marmashewa wajen shafe.

Kirim ɗin sama shi ne har yanzu ake gyarawa. Na yanzu: bota giram 100 mai laushi da garin sukari giram 150 a buga su tukuna, sannan kirim ciz (cuku mai laushi da ake shafawa) mai sanyi giram 300, a buga bai wuce minti ɗaya ba. Idan ya saki, ƙara sukari ba ya gyara shi, sukarin ma ruwa yake ƙara jawowa daga cukun. Firij na rabin awa ne maganinsa. Don ƙamshin kirim ɗin, za'afaran ɗan tsunkule a jiƙa a babban cokali ɗaya na madara mai ɗumi minti 20, ruwan wardi kuma rabin ƙaramin cokali kacal, fiye da haka sai ya koma turare. Inda kirim ciz ya yi tsada, akwai hanyar shrikhand, kayan zaƙin yogot na jihohin Gujarat da Maharashtra a Indiya: a ɗaure kilo ɗaya na yogot marar sukari a tsaftataccen ƙyalle a rataye cikin firij ya kwana, abin da ya rage a haɗa da garin sukari da kadamon da za'afaran. Ya fi dacewa da tsakanin kek biyu da samansa, gefe kuwa zamewa yake yi.

Dukansu ba sa jure zafi. Kek ɗin da aka shafe kada ya wuce awa 2 a waje, don haka inda wutar lantarki ba tabbas a shafa ana saura kaɗan baƙi su iso, a barbaɗa dakakken fistashiyo a bakin da'ira, a bar tsakiya don kyandir. Wuƙar yanka a tsoma ta a ruwan zafi a goge kafin kowane yanki. Abin da za a gwada nan gaba shi ne kirim ɗin bota da madarar gari da aka ɗan soya a man shanu, ko zai fi tsayawa a zafin bazara.