Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Buhunan Wake da Tsibirin Kanumfari

Makon jiya na tsaya a inda aka kawo sadaki aka sa rana, mako biyu bayan ƙaramar Sallar 2025. Kafin in shiga labarin biki sai na ba ku labarin wata magana da ta kusa raba kan gidanmu, kuma da bakina na jawo ta.

Wata ranar Alhamis da yamma Malam ya zo zance gidanmu a Jekadafari. Malam nake ce masa tun lokacin, ko da yake ba ya koyar da kowa komai. Hatsi yake saye da sayarwa a Tudun Hatsi, wake da masara, ya saya da kaka ya ajiye sai sun yi daraja. Muna zaure, shi kan tabarma ni kan kujera 'yar tsugunno, sai ya tambaye ni da za a ce in zaɓi abu guda bayan biki, me nake so. Na ɗauka irin tambayar nan ce ta samari da ba ta wuce bakin zaure. Na ce ina son in ga teku.

Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na dam ɗin Dadin Kowa, da aka kai mu muna sakandare, kuma ko shi ana hango tudun da ke wancan gefen. Ni ruwan da ido ba ya kai wa ƙarshensa nake nufi. Malam ya ce, "To ai akwai a Legas." Na ce ni ban ce Legas ba. Ya yi dariya har da buga gwiwa, muka shiga wata hirar, na manta.

Shi bai manta ba. Alhamis ta zagayo ya zo da wata takarda da ya yago daga littafin lissafin rumbunsa, gefe guda sunayen masu bashi, ɗaya gefen sunayen tsibirai biyu: Maldibs da Zanzibar. Maldibs ƙasar Musulmi ce, kuma a filin jirgi ake buga wa baƙo biza, amma yawancin otal ɗin da ake gani a hoto kowanne tsibirinsa daban, sai an ɗauke ka a jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Ya ce ya lissafa kwana ɗaya a irin ɗakunan nan da aka kafa a kan teku, ya ga buhunan da zai ci, ya ja layi ya kashe sunan. Malam ba ya lissafi da naira, balle dala. Tun da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a lokacin, ya ce kuɗin da ke canja nauyi tsakanin azahar da la'asar ba abin auna komai ba ne. Da buhu yake lissafi.

Saura Zanzibar. Tana gabashin Afirka, cikin Tekun Indiya, ita da Tanganyika ne suka haɗu a 1964 suka zama Tanzaniya. Kusan duk mutanenta Musulmi ne, ba sai mutum ya tsaya tambayar wa ya yanka naman ba, ba kuma sai ya nemi inda zai shimfiɗa darduma a ɓoye ba. Ya ce ya ware buhunan wake a kusurwar rumbu, ya sa yaronsa ya shafa musu jan fenti don kada a taɓa. Na dube shi sosai ranar. Ban san ko tekun ne ya shiga raina ba ko jan fentin.

Kuskurena shi ne na gaya wa yayata Adda. Adda ta gaya wa Dada, kafin magariba magana ta isa Bolari wurin Goggo. Washegari da hantsi sai ga ta a Keke Napep, ko mayafi ba ta sauke ba ta fara.

"Wai me nake ji? Hanimun? A gidan nan?"

Na ce, "Goggo, yawon cin amarci ne kawai, kwana shida."

"Amarcin a ɗaki ake cin sa. Mu da muka yi shekara ba mu leƙa ko ƙofar gida ba, amarcin namu bai ciwu ba ne?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da ta ji na ce wa Malam ya rage akwati biyu daga lefe ya zuba kuɗin cikin tafiyar. Ta ce ranar da za a buɗe lefe mata za su zauna su ƙirga akwati, su ƙirga atamfa, su ɗaga leshi su duba, ba wadda za ta ƙirga mini teku. A nan ba ta yi ƙarya ba, don na ji abin da aka faɗa daga baya. Amma na san zannuwan Adda guda nawa ne har yau ke ƙasan akwati da takardar kanti a jikinsu, shekara bakwai da aurenta.

Faɗan Goggo mai sauƙi ne, ta yi ta gama a ba ta goro. Shirun Baba ne ya hana ni barci. Kwana uku bai ce komai ba. A na huɗu bayan isha'i ya kira ni ɗakinsa, na durƙusa, ya rage muryar rediyo.

"Ke ba ki taɓa fita ƙasar nan ba, shi ma haka. Ni da aka ce za ku yi fasfo na ɗauka Gabas za ku nufa. Ranar farko da ƙafar mutum za ta bar ƙasarsu, wai bakin ruwa za ta?"

Ban da amsa. Baba sai da ya haura hamsin, ya sayar da shanun gadonsa, sannan ya sauke farali. A wurinsa fasfo takardar zuwa Makka ce, ba ta da wani aiki. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," na fita ina share hawaye. Da zan faɗi gaskiya, maganarsa ta taɓa ni fiye da yadda na nuna, har na aika wa Malam saƙo a daren cewa a bari kawai.

Malam bai amsa mini ba. Sai ya samu yayana Hamma a shago, ya roƙe shi ya yi masa iso. Hamma ne ya ba ni labarin yadda zaman ya kasance. Malam ya shimfiɗa takardar nan tasa a gaban Baba, ya ce kujerar Hajji ta bana ta haura naira miliyan 8 ga mutum ɗaya, abin da ya ware wa tafiyarmu mu biyu bai kai kujera guda ba. Baba ya yi masa tambaya uku. An fitar da zakkar dukiyar? Ya ce an fitar. Akwai bashin wani a cikin waken? Ya ce babu. Ya bar wa mahaifiyarsa abin da za ta ci har kaka? Ya ce ya bari. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce sharaɗinsa ɗaya: kafin a biya ko sisi a kan tikiti, a je a buɗe mana asusun adashin gata na aikin Hajji, kowa da nasa, a zuba wani abu, a kawo masa takardar ya gani da idonsa. Buhu biyar daga cikin masu jan fenti suka tafi a nan. Kwana shidanmu ya koma biyar.

Sai aka shiga takardu, inda na gane ashe bakin Goggo ba komai ba ne.

Fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 50,000 ne a lokacin, kuma ba a yi sai da lambar NIN, sunan da ke jikin lambar kuma dole ya yi daidai da wanda za a buga, harafi da harafi. Yaron da ya cike mini fom shekarun baya a wani shagon kwamfuta ya haɗiye harafi guda daga sunana, ya kuma sa watan haihuwata a gurbin rana. Ban taɓa lura ba. Gyaran wannan ɗan harafin ya ci mini mako biyar da rantsuwar kotu da kuɗin Keke Napep da ban ƙirga ba, cikin azumi, cikin zafin Gombe na watan Maris da kowa ya sani. Duk wadda ke da niyyar fita, ta ɗauko takardar NIN ɗinta yau ta karanta a hankali, tun ba a sa mata rana ba. Allurar shawara ita ba ta ba mu wahala ba. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, a ba ka katin nan mai ruwan ɗorawa, sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10.

Biza ce ta ba mu mamaki. Wani abokin Malam ya ce ai Afirka ce, a filin jirgi ake bugawa. Ga wasu ƙasashe haka ne, amma Najeriya tana cikin jerin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a bakin shiga. Ta intanet ake nema tun daga gida, a tura takardun can a duba, kuma tana iya ɗaukar makonni, shi ya sa ake cewa kada a yanki tikiti sai an ga amsa. Bayan ita kuma, tun watan Oktoba na 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 kowane kai. Malam ya ciro biro ya ƙara a ƙasan takarda, bai ce uffan ba.

Ni ce na gano maganar ruwan sama. Mu a nan Afrilu tsakiyar bazara ce, sai na ɗauka ko'ina haka ne. Ashe daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, wadda suke kira masika. Da mun tafi mako guda bayan biki kamar yadda muka tsara, da mun biya kuɗin jirgi mun je kallon ruwan sama ta taga. Daga Yuni zuwa Oktoba ne sararin ke washewa. Aka ɗaga tafiya zuwa bayan babbar Sallah. Da Goggo ta ji sai ta ce alhamdulillahi, ko ba komai amarya za ta ɗumama ɗakinta, a yi buɗar kai a natse, dangin miji su san fuskarta. Har yau tana ganin addu'arta ce ta saukar da ruwan.

Hanya kuwa daga Gombe zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Adis Ababa a sauya jirgi, sannan Zanzibar, inda agogonsu ke gaban namu da awa biyu. Muka raba kwanakin: biyu a tsohon birnin da ake kira Stone Town, mai lungunan da mota ba ta shiga da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, uku kuma a Nungwi, can arewacin tsibirin. Na so Paje da farko saboda hotunanta, sai na karanta cewa a gabar gabas ruwan kan janye ya yi nisa na sa'o'i, har mata su shiga su kula da gonakinsu na ciyawar teku. Na ce ban baro Gombe don teku ya guje ni ba. Iyo dai ban iya ba, Malam ma haka, ko da yake ya ce ya taɓa tsallake rafin garinsu da damina. Na sa tela ya ɗinka mini doguwar riga da wando na yadi marar shan ruwa, ban gaya masa na mene ne ba.

Dada ce ta fara saukowa, kuma ta hanyar da ban zata ba. Ina koyon gaisuwar Suwahili a waya da daddare, tana gefe tana tsince shinkafa. Na ce mata su "habari" suke cewa a wurin labari, "asubuhi" a wurin asuba, "sabuni" a wurin sabulu, Alhamis kuma "Alhamisi". Ta ajiye faranti ta ce, "To ai waɗannan Hausa suke yi, bakinsu ne bai faɗa ba." Da na ce mata tsibiran nasu, musamman Pemba, sun yi suna da noman kanumfari, sai ta tashi ta ɗauko gwangwaninta na kayan shayi, ta zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannu tana shinshinawa, kamar ranar ta fara ganinsu. Ta ce in an je a auno mata mudu biyu, na kan bishiya, kada a kawo mata wanda ya sha rana a kasuwa. Ranar da fasfona ya fito ita ta karɓe shi, ta naɗe a leda ta sa cikin kwallar da take ajiye sarƙarta, ta ce ba a barin irin wannan a hannun yara.

Muka tura neman biza ana saura kwana goma sha biyu biki, nawa daban nasa daban. Kullum da asuba sai na duba waya. Shiru.

Daren sa lalle, tsakar gida cike da mata, an ɗaure mini hannu da ƙafa da leda, ƙawayena na ta guɗa, sai na ji wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin cinyata. Ba halin taɓawa. Na yi wa ƙanwata ido, ta zaro ta buɗe, ta kawo mini dab da fuska. Saƙo ne daga Tanzaniya, da Turanci, an amince. Na ce maza ta kira Malam ya duba nasa. Ta koma bayan ɗaki ta kira, ta daɗe, ta dawo tana cizon leɓe.

"Adda, wai shi ba a turo masa komai ba."

Goggo na kusa, kunnenta kuwa ba ya barci. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To madalla. Sai ki je ki ci amarcin ke kaɗai, ki kawo masa labari."

Abin da ya faru da bizar Malam, da yadda farashin wake ya juya mana baya ana saura wata guda tafiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.