Taku Hamsin a Kitty Hawk

Kawuna ne ya tuƙa motar. Mun bar Norfolk bayan sallar asuba muka nufi kudu, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ni kuma ina gefensa riƙe da littafin da na kwana uku ina fama da shi. "Kai dai da littafi," in ji shi. "Yawo muka fito ko makaranta?" Na ce, "Kawu, ai mai littafin nan ne ya sa na dame ka mu zo."

Mai littafin shi ne Tom Crouch, haifaffen Dayton a jihar Ohio, garin da Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, suka yi shagon kekuna. An haife shi a 1944, ya kama aiki da cibiyar Smithsonian a 1974, kuma yawancin shekarunsa ya yi su ne yana kula da tsofaffin jirage a gidan tarihin jiragen sama na Washinton. Ya yi rubutu a kan balan-balan masu ɗaukar mutane, ya yi a kan waɗanda suka gwada tashi kafin 'yan Wright, amma wanda aka fi saninsa da shi shi ne The Bishop's Boys na 1989, wato 'ya'yan bishop. Sunan ma ya nuna inda ya dosa. Wani zai fara da inji da fukafukai, shi da uba ya fara.

Uban, Milton Wright, babban malamin coci ne mai taurin kai. Da cocinsu ta dare gida biyu a 1889, ya tsaya tare da tsiraru, aka yi shekaru ana shari'a kan kadarori. A cikin wannan rigimar yaran suka girma, suka ɗauka cewa amana tana cikin gida ne, na waje kuwa sai an sa masa ido. Wilbur da Orville ba su taɓa yin aure ba. A ganin Crouch, halin nan ne ya ba su juriyar gwada siffofin fukafukai kusan 200 a wani akwatin iska da suka ƙera a 1901, shi ne kuma ya jefa su cikin ƙararrakin haƙƙin ƙirƙira da wani maƙerin jirage, Glenn Curtiss, daga baya. Ni dai na gamsu, don na san gidaje irin wannan.

Muna haye doguwar gadar da ke kai mutum gaɓar teku, iska ta fara kaɗa motar. Ita ce ta kawo 'yan Wright nan tun 1900: iska mai ƙarfi, rairayi mai taushi, ga ƙarancin 'yan kallo.

A Kill Devil Hills, kusa da garin Kitty Hawk, akwai hasumiyar dutse a kan tudu, wadda aka buɗe a 1932. Kowa can yake fara rugawa, alhali ba daga tudun jirgin ya tashi ba. Daga shimfiɗaɗɗen filin da ke ƙasa ne. An kafa babban dutse a inda ya bar ƙasa ranar 17 ga Disamba, 1903, da wasu huɗu a inda ya sauka kowane karo. Na taka daga babban dutsen zuwa na farkon huɗun ina ƙirgawa, ban cika taku hamsin ba. Ƙafa 120 ke nan, daƙiƙa 12, Orville kwance rub da ciki.

"Shi ke nan?" in ji Kawu. "Ko rabin filin ƙwallo bai kai ba."

Na nuna masa dutsen ƙarshe can nesa, ƙafa 852, inda Wilbur ya yi daƙiƙa 59. Ya yi shiru, ya kama hanya.

Muna tafe nake ba shi labarin da ya fi burge ni. Smithsonian ɗin da Crouch ya yi wa aiki ita ce ta ɓata wa Orville rai. Jirgin shugabanta Samuel Langley ya faɗa kogin Potomac kwana tara kafin nasarar 'yan Wright, amma da aka yi masa kwaskwarima ya ɗan tashi a 1914, sai cibiyar ta ce shi ne na farko da zai iya ɗaukar mutum. Orville ya yi fushi irin na ubansa, ya aika jirginsu Landan a 1928. Sai a 1942 cibiyar ta janye maganarta, jirgin kuma bai dawo Amurka ba sai 1948, bayan rasuwarsa. Crouch ya zayyana wannan tas, bai rufa wa gidan da yake cin abinci asiri ba.

A gindin dutsen ƙarshe Kawu ya tsaya yana lissafi da yatsu. Ya ce jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan Ingila daga Masar, a 1925 suka zo. "Shekara 22 kacal daga wannan ɗan tsallen," ya ce, yana waiwayen inda muka taso.

Iska ta cika mana takalma da rairayi. A mota ya miƙo mini makulli, ya karɓi littafin, ya ce in nuna masa wurin da aka yi maganar uban.