Shekara bakwai ƙarƙashin hular gashi

A Kirsimetin 2021 na je gida Kafanchan. Da dare, bayan baƙi sun watse, na shiga ɗakin Mama na cire wig ɗina, na manta ban ɗaura kallabi ba. Ta haska ni da tocila, ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Wa ya aske miki goshi?" Ba wanda ya aske min. Gashin gaban kaina ne ya ja baya kusan faɗin yatsa biyu, fatar wurin tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Shekara uku ke nan ina ɓoye shi, ko a madubi ba na tsayawa in duba.

A 2014 na samu aiki a Legas. Da kitson shuku na fara zuwa ofis, irin wanda Mama take min tun ina firamare. Ban cika mako biyu ba wata babba a wurin ta ja ni gefe, cikin taushin murya ta ce, "Ƙanwata, mutanen nan kai suke fara kallo kafin su saurari baki." Na san ba da mugunta ta faɗa ba, abin da aka gaya mata ne ta gaya min. Asabar ɗin nan na sa rilaksa, wato man miƙar da gashi. Daga nan duk bayan wata biyu sai na koma, in zauna fatar kaina tana ci kamar an zuba barkono, washegari in tashi da ɓawon ƙuna. Da gashin ya fara karyewa na koma ɗinka ƙarin gashi a kan kitso, daga bisani na koma wig mai raga a gaba, wanda ake mannawa da gam.

Na farko a kasuwar Balogun na saye shi, ya cinye kusan rabin albashina. Mai shagon ya rantse min gashin Brazil ne. Sai daga baya na san yawancin abin da ake sayar mana da sunan Brazil ko Peru daga Asiya yake fitowa. A wurin bautar Tirumala da ke kudancin Indiya masu ziyara kan aske kawunansu don cika alkawari, a tara gashin a yi gwanjonsa, kuma birnin Xuchang na ƙasar Sin cike yake da masana'antun da ke wankewa, su rina, su ɗinka, su turo mana.

Ba zan zagi wig ba, don ya yi min rana. Wadda ke fita ƙarfe biyar na asuba don ta riga cunkoson gadar Third Mainland ta san darajar abin da za ta ɗora a kai cikin minti biyu ta fita tsaf. Na kuma ga wata a cocinmu da maganin cutar kansa ya zubar mata da gashi, wig ne ya ba ta ƙarfin shiga mutane. Abin da ya cuce ni shi ne yadda na yi amfani da shi. Kitson da ke ƙasa ana ɗaure shi tamau don hular ta kwanta, har sai na sha maganin ciwon kai kafin in yi barci. In na yi ƙorafi makitsiya ta ce, "Anti, in bai yi zafi ba ai ba zai daɗe ba." Gam yana manne a bakin gashi mako biyu, gumi yana taruwa a ƙasa, ranar cirewa kuma ya taho da 'yan ƙananan gashin goshi. Duk sanda goshin ya ƙara ja baya, sai in ƙara jawo hular gaba in rufe.

A Janairun 2022 na je wurin likitar fata. Ta duba da madubin ƙara girma, ta ce wannan zubewar gashi ce da yawan ja ke haddasawa. Ta yi min bayanin cewa kowane gashi yana da saiwa a cikin fata. In aka daina ja da wuri saiwar takan farfaɗo, in aka daɗe sai tabo ya rufe wurin, shi ke nan. Ta rubuta min minoxidil in riƙa shafawa, ta hana ni gam da rilaksa da duk kitson da zai sa in ji zafi. Ta ce gefen dama akwai fata, na hagu kuwa kada in sa rai sosai. A mota na yi kuka.

Na aske duk inda rilaksa ta taɓa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ina da shekara talatin da ɗaya ban san yadda ake taje gashina ba. Na sa masa mataji yana bushe, na ji yana tsinkewa. Mama ce ta koya min ta waya: a jiƙa shi tukuna, a shafa man kaɗanya, a raba gida huɗu, a warware da yatsu, sannan a sa mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. Ta tuna min da kitson zare, wanda ke miƙar da gashi ba tare da wuta ba. Na koyi kwana da ɗankwali mai santsi. Na kuma koyi haƙuri, domin gashi bai fi santimita ɗaya da ɗan wani abu yake ƙaruwa a wata ba, namu kuma da ya sha ruwa sai ya nannaɗe ya koma kamar bai tsiro ba. Na gwada garin chebe na matan Chadi. Ya rage min karyewa, amma bai tsirar da ko ƙwaya ɗaya a goshi ba.

A Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000: waɗanda ke sa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da kansar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa sawa fiye da sau biyu. Ni sau shida nake sawa. A daren na kira yayata, wadda ke shirin sa wa 'yarta mai shekara tara kafin bikin makaranta. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar mata kanta." Ta ce yarinyar kuka take in ana tsifa. Muka yi awa guda ina maimaita mata abin da Mama ta koya min.

Ranar da na koma ofis da ɗan guntun gashina, gabana yana faɗuwa. Wasu sun tambaya ko rashin lafiya na yi. Ba wanda ya kore ni, amma na fahimci dalilin da ya sa sai da jihar California ta kafa doka a 2019 don hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki ko makaranta saboda kitso ko gashinsa na asali.

Wig ɗaya ya rage min, nakan sa shi ranar biki, ba gam, in cire da zarar na dawo. Gefen dama ya cike. Na hagu yana nan fili, faɗin babban yatsa. Kirsimetin da ya wuce na zauna a tabarma tsakanin ƙafafun Mama ta yi min shuku, sako-sako. Da ta iso wurin sai ta lakato man kaɗanya ta shafa, ta kewaye shi, ta ci gaba da kitsonta.