Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wuyan Jita da Ƙyauren Kakana

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na gama sassaƙa gangar jikin jitar, na jingine ta a bayan shagon kafintancin Baba da ke Yelwa, ina ganin aiki ya yi rabi. Ashe saura wuya, kuma ba banza aka kira shi wuya ba.

Wuyan farko da damina na yi shi, da katakon da na sayo ɗanye saboda ɗoki. Baba ya ɗauka, ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Auta, icen nan bai gama shan iska ba." Na ce, "Baba, ai zai ƙarasa bushewa a jikin jitar." Bai sake cewa uffan ba. Hunturu na shigowa, iskar Bauchi ta zuƙe ruwan icen, ga tsirkiya shida na ƙarfe suna jansa da nauyin da ya haura kilo 40 ba dare ba rana. Wata safiya na buɗe shago na tarar da shi ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. A kan benci na zauna na yi kuka.

Bayan kwana uku Baba ya kira ni ɗakin shirgi, ya yaye wani tsohon buhu. Ƙyauren zauren kakana ne, wanda aka cire lokacin da aka sa ƙofar ƙarfe. Madaci ne zalla, ya yi ja wur, ya sha hunturu fiye da shekaruna a duniya. Ya ce, "Ɗauka. Amma wannan karon ka auna sau bakwai kafin zarto ya taɓa shi." Madacin nan da muke jiƙa ɓawonsa mu sha don ciwon ciki, dangi ɗaya ne da icen da kamfanin Gibson ke yin jitar Les Paul da shi a Amurka. Har yau abin na yi mini ciwo, yadda muke kallon itatuwanmu a matsayin makamashi kawai.

Na fafe rami a tsakiyar wuyan na kwantar da siririn rodi, wanda wani mai walda ya yi mini noti a bakinsa, don in ice ya motsa a ɗaure a dawo da shi. A kai na manna fallen madobiya da gam. Da ƙyar na samu wannan guntun, domin 'yan katako sun yi wa madobiya kisan ƙare dangi ana lodinta zuwa Sin.

Sai awo. A nan ne na san bambancin jita da gurmi. Mai gurmi yatsansa da kunnensa ne ke nemo sauti, amma jita ƙananan ƙarafa ne a jere a wuyanta, waɗanda makaɗa ke kira firet, kuma in ɗaya ya goce ko da kaurin farce ne, ƙarya za ta riƙa yi har ta tsufa. Na bi awon da Leo Fender, wani maƙerin jita na Amurka, ya yi wa jitarsa mai suna Stratocaster a 1954: tsawon tsirkiya inci 25.5, wato milimita 648. Ana raba wannan da 17.817, a samu mazaunin firet na farko, milimita 36.4. A cire shi, a sake raba abin da ya rage, na biyu ya ba da 34.3. Haka tazarar ke ta tsukewa har firet 21. Na goma sha biyu kuwa dole ya faɗa tsakiya cif, a kan 324.

Tef ɗinmu na shago bai isa wannan awo ba, sai da na aro rular ƙarfe wurin wani abokina ɗalibin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Daren da zan yanka layukan aka ɗauke wuta. Ina shirin tattara kaya sai ga Baba ya dawo daga sallar isha, ya jawo kujera, ya haska mini tocila. Duk layi ɗaya sai na riƙe numfashi, garin madobiya na zuba a kan yatsuna, ƙanshinta ya cika shagon. Mutumin da bai taɓa son harkar kiɗa ba, hannunsa bai girgiza ba har na yanka na ƙarshe.

Da na kafa ƙarafan, na ɗaura tsirkiya ɗaya tak na kaɗa ta a sake, sannan na danne a na goma sha biyu. Sauti iri ɗaya ya fito, sai dai na biyun ya fi siranta, kamar uwa ta yi kira 'yarta ta amsa. Baba ya ɗan sunkuyo, ya ce, "Sake kaɗawa in ji."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda ni da Kawu mai gyaran rediyo muka naɗa wayar jan ƙarfe a kan maganaɗisu da keken ɗinkin Inna.